Duwatsun da ke Gindin Dutsen Taka

 

Duk wanda ya bar Gadarif ya nufi Kasala, tun daga nesa zai hango Dutsen Taka da Dutsen Totil. Yawancinmu mun san masallacin Hatmiyya da ke gindinsu. Amma kaɗan ne suka san wani wuri a jikin dutsen da ake kira Mahal Teglinos. A nan ne, tun daga 1980, masu tonon tarihi daga ƙasar Italiya ƙarƙashin Rodolfo Fattovich suka tono wani tsohon gari da maƙabartarsa. Sun sami duwatsu a kafe, wasu masu tsini, wasu masu faɗi kamar allo, babu rubutu ko ɗaya a jikinsu. Waɗanda suka kafa su sun rayu fiye da shekara 4,000 da suka wuce. Masana suna kiransu mutanen Gash, da sunan kogin Kasala.

Da muka yi zancen a aji, wani ɗan uwa ya ce ai gumaka ne, gara a fasa su a yi gini. Ni dai ban ga haka ba. An same su ne a cikin maƙabarta, tare da kaburbura. Alama ce ta inda aka kwantar da mutum. Kakata takan ba mu labarin kakanninta da suka taso daga ƙasar Kano da ƙafa za su aikin Hajji, suna yada zango su yi noma, in damina ta wuce su ƙara gaba. Wanda ajali ya riska a hanya, sai a binne shi, a aza dutse wajen kansa, ayari ya wuce. To, in wani ya kwashe wannan dutsen ya sa a tushen ɗakinsa, yaya za mu ji?

Kuma mutanen nan ba bare ba ne a wurinmu kamar yadda muke zato. An sami fasassun tukwanen Masar a garinsu, ke nan su ma fatake sun ratsa su. A kusa da Hashmul Girba kuwa, kan hanyarmu ta Kasala, an ga shatin ƙwayar dawa a jikin tukwane na wajen shekara 5,000, kuma yana cikin shaida mafi daɗewa ta noman dawa a duniya. Dawar nan fa da iyayenmu ke nomawa, wadda Gadarif ta yi suna da ita.

Ba na cewa a girmama dutse ko a nemi tabarraki da shi, Allah Ya tsare. Addininmu dai ya kwaɗaitar da mu duba ƙarshen al'ummomin da suka gabata don mu wa'aztu. Yaya za a duba abin da aka farfasa?

Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, an wawashe babban gidan tarihi na Hartum. Abin da ya rage a karkara ba shi da mai gadi sai mu. Don haka, 'yan uwa, in kun ga irin duwatsun nan a gona ko wajen kiwo, ku bar su yadda suke, ku sanar da malamai.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Wassalam.