Gwiwa ba ta san suna ba

Jama'a, duk wanda ya kalli ƙwallo a shekarun 1990 ya san Daniel Amokachi. A nan Kaduna aka haife shi a 1972. Daga Ranchers Bees ya wuce Club Brugge ta Beljiyam. Ya ci Bulgeriya da Girka a kofin duniya na 1994, ya ɗauki kofin FA da Everton a 1995, ya zura ɗaya a ragar Ajantina ranar da muka ciyo zinare a Atlanta a 1996. Amma a Faransa 1998, yana ɗan shekara 25, wasa ɗaya kacal ya buga, gwiwa ta ƙi. Da ya bar Besiktas a 1999 ya nufi 1860 Munich, sai ya faɗi gwajin likitoci. Daga nan tauraron bai sake haskawa kamar da ba.

Wannan fa mutumin da likitocin Turai ke kansa ke nan. To ina ga yaranmu masu buga ta a kan tsakuwa?

Akwai wani yaro a layinmu nan Rigachikun, ɗan wasan tsakiya. Wallahi in ya karɓi ƙwallo har dattawa kan tsaya kallo. Bara a gasar unguwanni ya juya da gudu, ya ji ƙas, kafin magariba gwiwa ta kumbura. Aka kai shi wajen mai ɗori, aka ja, aka shafa, aka ɗaure. Bayan sati uku kumburi ya sauka, ya koma fili, gwiwar ta sake zamewa. Yau caja da iyafis yake sayarwa a bakin titin Zariya, ga shi ya bar makaranta tun aji biyar saboda ƙwallo.

Ba raina masu ɗori nake yi ba. Amma jijiyar cikin gwiwa ba ƙashi ba ce. In ta tsinke, ɗauri ba ya haɗa ta, hoton ƙashi ma ba ya nuna ta, sai na MRI. Mai son komawa fili yawanci sai an yi masa tiyata, sannan ya yi kusan wata tara yana gashi da motsa ƙafa.

Masu shirya gasa, kuna karɓar kuɗin rajista, kuna sayen kofi da rago. Don Allah ku ware wani kaso na jinya. Koci, in gwiwa ta kumbura a ranar, a nufi Shika ko asibitin ƙashi na Dala, kada a ce masa "daure, kai namiji ne". Iyaye kuma, ƙwallo da yamma, makaranta ko sana'a da safe.

Amokachi ya koma koci da sharhin wasa domin ya riga ya yi suna. Wanda gwiwa ta kayar kafin ya yi sunan, me zai koma?

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Amin.