Abin da Albasar Aliero ta Koya Mana

Mu baƙi ne a ƙasar Maiyama. Aikin koyarwa ne ya kawo mu daga kudancin Kaduna, inda muka tashi da noman citta da acca. Da muka ga albashi ba ya kai mu ƙarshen wata, sai muka ari 'yar fadama, muka dasa albasa da rani, domin mu sami kuɗin makarantar yara.

Maƙwabcinmu, wani Musulmi mai kirki, ya ce mana, "Malam, ku tafi Aliero wurin wana, ku ga yadda ake ajiyarta." Muka yi masa godiya da baki, amma a zuci muka ce, mu da muka yi makaranta, 'ya'yan manoma kuma, me wanda bai taɓa shiga aji ba zai koya mana? Bari mu faɗi gaskiya, har da bambancin addini a cikin abin da ya hana mu.

Albasa ta yi kyau ƙwarai. Muka tone ta da ɗanyen ganye, muka ɗura a buhuna, muka kulle a ɗaki. Kafin wata biyu wari ya cika gidan. Fiye da rabi ta ruɓe, sauran kuwa muka kai kasuwar Jega muka sayar a wulaƙance. 'Yarmu ta fari ta zauna gida zango guda saboda rashin kuɗin makaranta. Girman kai rawanin tsiya!

Wata safiya, wajen addu'ar iyali, muka karanta Littafin Fitowa sura 18, inda Yetro, firist na Madayana, ya ga surukinsa Musa yana shari'a shi kaɗai tun safe har yamma, ya ba shi shawara ya raba aikin. Sai autarmu ta ce, "Baba, ashe Musa ma akan koya masa?" Muka dubi juna, ba mai magana. Mutumin da ya yi zance da Allah bai rena shawarar wanda ba Ba'isra'ile ba, balle mu.

Ran Asabar muka tafi Aliero. Akwai jami'ar kimiyya da fasaha a garin tun 2006, amma malaminmu wani dattijo ne a kan tabarma. Ya ce, "'Ya'yana, albasa ba ta son gaggawa." Ya koya mana mu janye ruwa in ganye ya fara kwantawa, mu bar wuyanta ya bushe sarai kafin mu yanke. Ya nuna mana rudu, wato rumfar kara da ake ɗagawa bisa ƙasa don iska ta ratsa, ya ce a riƙa tsince ruɓaɓɓu kada su shafi sauran. Ko sisi bai karɓa ba.

Shekarar da ta biyo muka ajiye tamu har damina, lokacin da albasa ke tsada. Yarinya ta koma makaranta.

'Yan'uwa, ba mu bar bangaskiyarmu a Aliero ba, girman kanmu muka bari. Allah da yake ba kowa ruwa da rana, bai tara hikima duka a gida ɗaya ba. Wane maƙwabci ne ka daɗe kana wucewa ba ka tambaye shi kome ba? Matambayi ba ya ɓata. Ubangiji ya ba mu tawali'u. Amin.