Tsibirin Re: ganuwar kifi da masu ɗaukar hoto daga sama

Tsibirin Re yana yammacin ƙasar Faransa, cikin tekun Atlantika, daura da birnin Laroshel. Tsawonshi wajen kilometir 30 ne, faɗinshi kuwa bai wuce kilometir 5 ba. Da can sai da jirgin ruwa ake shigar shi. A shekara ta 1988 aka buɗe gada mai tsawon kusan kilometir 3 wadda ta haɗa shi da sauran ƙasa. Wuri ne shimfiɗaɗɗe, babu duwatsu masu tsawo. Mazaunanshi ba su kai dubu 20 ba, amma lokacin hutun zafi baƙi na cika shi har su ninka ƴan gari sau da yawa. Cikin baƙin akwai masu zuwa da na'urar ɗaukar hoto. Ba sana'arsu ba ce, sha'awa ce kawai. Abu uku suke nema: ganuwar kifi, fadamar gishiri da tsuntsaye.

Yadda ganuwa ke kama kifi

Wanda ya saba da tafki ko gulbi ya san ruwa na cika da damina, ya janye da rani. Teku kuwa sau biyu yake yin haka cikin kwana ɗaya. Ruwa ya tunkuɗo wajen awa 6, ya rufe gaɓa, sa'an nan ya janye wajen awa 6, ya bar fili mai faɗi na dutse da laka. Wata ne ke jan ruwan. Shi ya sa cika da janyewa sun fi ƙarfi lokacin tsayuwar wata da lokacin da ya cika.

Mutanen tsibirin sun lura da wannan tun ɗaruruwan shekaru. Sai suka riƙa jera duwatsu bisa filin da ruwa ke bari, suna gina ganuwa mai siffar kofaton doki, bakinta na duban tudu. Wata takan kusa kai kilometir guda. Ba a sa siminti, ba a sa ƙasa. Dutse ke riƙe dutse, daga baya kawa da sauran ƙananan halittun teku su manne su ƙara mata ƙarfi. In ruwa ya cika, ganuwa ta nutse, kifi ya ƙetare ta ya shigo neman abinci. In ruwa ya janye, sai ya tsiyaye ta wasu kafofi da aka toshe da raga ta sanduna ko ta ƙarfe, kifi ya rage a ciki. Mai ganuwa ya shiga da ƙafa ya ɗiba.

Ganuwa ba ta mutum ɗaya ba ce. Gidaje da yawa ke tarayya a kanta, kowa da ranar sunshi, kowa da rabonshi na aikin gyara. A da yawancinsu manoma ne masu gonar inabi ko ta dankali, kifin kuwa na tukunyar gida ne. Har yanzu doka ba ta yarda a sayar da shi ba.

Abin da ya rage

A ƙarni na 19 ganuwa wajen 140 ke kewaye da tsibirin. Yau waɗanda ke aiki ba su kai 20 ba, mafi yawansu a gaɓar kudu wajen garin Sant-Mari, da kuma can ƙarshen yamma. Dalilan raguwar suna da yawa. Tun shekara ta 1681, zamanin sarki Luwi na 14, wazirinshi Kolbar ya kafa dokar teku wadda ta ce a rushe duk wadda aka gina bayan 1544. Daga baya yaƙe-yaƙe suka kwashe maza, samari suka koma aikin albashi, hannun gyara ya yi kaɗan. Baƙi masu neman kawa su ma sukan juya duwatsu su bar su a haka. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: in dutse ɗaya ya fita ba a mayar da shi ba, igiyar ruwa za ta buɗe kafar, cikin ɗari guda ko biyu ganuwa ta zube. Saboda haka aka hana taɓa duwatsun, aka kuma hana su a ƙasa da metir 25 daga jikin ganuwa. Masu ita sun kafa ƙungiya, suna fita gayya in ruwa ya janye.

Hoto da igiya

Wanda ya tsaya a gaɓa ba ya ganin komi sai layin baƙaƙen duwatsu. Siffar ganuwa sai daga sama take fita. A ƙarshen tsibirin akwai hasumiyar fitila ta masu jiragen ruwa, wadda aka fara kunnawa a 1854, mai tsawon metir 57 da matakala 257. Wanda ya hau ta zai ga ganuwar da ke ƙarƙashinta sarai. Sauran kuwa babu tudun da za a hau a gan su.

A nan ne wata tsohuwar dabara ke da amfani. Ana ɗinka ƙyalle marar nauyi bisa siraran sanduna, a ɗaura mashi doguwar igiya, a sake shi iska ta ɗaga shi kamar tsuntsu. Faransawa na ce mashi sarbolan. Yara na wasa da shi, amma a shekara ta 1888 wani Bafaranshe mai suna Arthur Batut, mutumin garin Labruguière, ya rataya mashi na'urar hoto. Ya sa lagwani mai ci a hankali, in wuta ta kai ga zare sai na'urar ta ɗauka. Haka ya sami hoton garinsu daga sama tun ba a ƙera jirgin sama ba. A 1912 wani mai suna Pierre Picavet ya fito da hanyar rataya na'urar da zaruruwa bisa sanduna biyu da aka gicciye, yadda ko igiya ta karkace na'urar na nan daidai.

Masu yin wannan aiki a yau da dabarar nan suke amfani. Da farko su saki ƙyallen shi kaɗai har ya sami iska mai tsayawa. Sa'an nan su rataya na'urar a jikin igiya, can ƙasa da ƙyallen, su ƙara saki. An riga an shirya na'urar ta riƙa ɗauka da kanta bayan kowane ƴan daƙiƙu. Mai igiya ya bi gaɓa a hankali, ba ya taka ganuwa. In ya sauko da ita ya tarar da hotuna ɗaruruwa, ya zaɓi kaɗan. Aikin na son haƙuri, don sai abu uku sun haɗu: ruwa ya janye sosai, iska ta kama, rana ta fito. A wannan gaɓa babban janyewa yakan faɗo wajen tsakar rana, kuma ba ya daɗewa.

Gani ya kori ji. Hoton sama na nuna inda ganuwa ta fara tsagewa. Yana nuna kuma kufan waɗanda suka mutu, layinsu na nan ƙarƙashin ruwa marar zurfi, ko da yake mai tafiya ƙasa zai ɗauka tarin duwatsu ne kawai. In aka ajiye hoton bana kusa da na shekara goma da suka wuce, babu gardama kan abin da aka rasa.

Fadama da shirwa

A arewa maso yammacin tsibirin akwai babbar fadama mai suna Fier d'Ars. An yanka ta fangali-fangali, ana shigo da ruwan teku, rana da iska su busar da shi, a kwashe gishiri da hannu. A 1980 aka keɓe wani yanki nata mai suna Lilleau des Niges don tsuntsaye. Ba a shiga cikinshi, masu hoto na tsayawa bisa hanyoyin gefe ne. A 2003 aka sa fadamar cikin jerin yarjejeniyar Ramsar ta 1971 mai kare wuraren dausayi, jerin da tafkin Tabalak na jihar Tawa ya shiga a 2005.

Da ɗari dinya na zuwa nan dubbai daga Siberiya. Da bazara kuwa shirwa ke isowa fadamun wannan yanki, wajen watan Maris. Tana yin sheƙa bisa itatuwa, tana shawagi bisa ruwa tana tsintar mataccen kifi. Masu hoto na gane ta da wutsiyarta mai baki biyu. Kafin ƙarshen watan Agusta ta tashi, ta bi ta Ispaniya, ta ƙetare mashigin Jibraltar, ta ratsa Sahara ta sauka ƙasashen Sahel. Ita bakinta baƙi ne, ba kamar shirwar da aka saba gani bisa mahauta a Maraɗi ko Damagaram ba, mai baki rawaya. Wanda ya lura da kyau lokacin rani zai iya ganin baƙuwar cikin ƴan gida.

A daren 27 zuwa 28 ga watan Fabrairu na 2010, guguwar da aka sa wa suna Xynthia ta haɗu da cikar teku. Ruwa ya fasa madatsai, ya shiga fadamu da gidaje, har ya raba tsibirin kashi uku na ɗan lokaci. Bayan irin wannan dare, duk wanda ke da tsohon hoto yana riƙe da shaida ta yadda wuri yake a da. Amma hoto ba ya ɗaga dutse. Ganuwar da ke tsaye yau a tsibirin Re, tana tsaye ne don akwai mutanen da ke fita cikin sanyi, in ruwa ya janye, su mayar da kowane dutse wurinshi kafin teku ya komo.