Miyar asperj: kada a zubar da gindin

Asperj, wannan tsiro siriri mai tsini kamar mashi, tsada gare shi, don sai ya yi wajen shekara 3 a gona kafin a fara yanka. Shi ya sa in na samu ɗauri guda a Yamai, ba na zubar da komi.

Gindin nan mai tauri nake fara dafawa minti 20, in tace ruwan, don akwai ɗanɗano sosai cikinsa. Sai in soya albasar Galmi guda da man shanu, wuta kaɗan-kaɗan, kada ta yi ja. In zuba kwambitar guda, sauran asperj da ruwan nan, su dahu minti 15. In niƙa, in tace da rariya saboda zare. Madara kuwa sai an sauke tukunya, kar ta tsinke.

Tsohuwata haƙora sun ƙi, nama ya gagare ta. Amma wannan miya takan shanye kwano, har ta ce a ƙaro. Mai tsoho ko majinyaci a gida, don Allah ya gwada.