Zoben Baiko a Kasuwar Antwerp

Kwana uku wani saurayi ɗan Beljiyam, malamin firamare, ya yi yana zarya a unguwar masu lu'ulu'u da ke gefen babbar tashar jirgin ƙasa ta Antwerp. Zoben baiko yake nema, aljihunsa kuwa ba nauyi. Abin da ya hana shi barci shi ne zancen da ake yi cewa zoben kirki sai ya ci albashin wata biyu. Bai sani ba, wannan ba gadon kakanni ba ne, tallar kamfanin De Beers ce ta dasa shi a zukata cikin ƙarni na 20.

A rana ta uku wani dattijo mai kanti ya zaunar da shi. Ya ce da abu huɗu ake yi wa dutsen kuɗi: nauyi, yanka, launi da tsabta. Karat ɗaya giram 0.2 ne kacal, amma da dutse ya cika karat cif sai farashi ya yi tsalle, alhali ido ba ya bambanta shi da mai 0.9. Tabon da sai da madubi ake ganinsa, a yafe shi. A yanka ne kaɗai ba a rowa, domin daga nan ƙyalli yake fitowa.

Sannan dattijon ya fito da wanda aka sarrafa a ɗakin gwaji, lu'ulu'u na gaske, mai sauƙin kuɗi ƙwarai. Saurayin ya daɗe yana juya shi. Ya ajiye, ya ce sai ya tambayi budurwarsa tukuna.