Kazar duwatsu da shirun asuba a Manga

Ina ɗan shekara goma na tsinci ƙwai biyar a gindin wani dutse a bayan garinmu Manga, cikin ƙasar Zuru. Na kwaso su a hula na kai wa kakata ina murna. Ba ta yi mini faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Ɗan nan, ka ci na bana, ka haɗa da na baɗi."

Ƙwan kazar duwatsu ne. Tsuntsuwa ce da ba ta kai makwarwa girma ba, tsawonta kamar santimita 25. Launinta ƙasa-ƙasa ne, ƙafafunta da fatar da ta kewaye idonta jajaye, wutsiyarta kullum a ɗage kamar ta kazar gida. Ta fi son gudu da tashi sama. In ka firgita ta, sai ta kutsa tsakanin duwatsu ta ɓace. A ƙasa take yin ƙwai, a ƙasa take tsintar 'ya'yan ciyawa da ƙwari. Da asuba da almuru kuwa garkenta kan haɗa baki ya yi ta kira.

Sai da karatu ya yi nisa na san cewa masana suna kiran ta Ptilopachus petrosus, kuma ana samun ta daga Senegal har Habasha. Binciken ƙwayoyin gado ya nuna zuriyarta ta fi kusa da wasu tsuntsayen nahiyar Amurka fiye da makwarwar da suke kiwo a daji ɗaya.

Da ranin bara na kwana uku a gida, sau ɗaya tak na ji kiranta. Na ga dalili da idona: ƙunar daji, saran itace don gawayi, da fasa duwatsu. Jerin tsuntsayen duniya bai sa ta cikin masu fuskantar ƙarewa ba, kuma gaskiya ne. Amma tsuntsu yana iya yawa a Afirka ya ƙare a Manga.

Ga Jami'ar Noma ta Tarayya a Zuru, ga tsofaffin mafarautan Dakarkari da suka san maƙwancinta da lokacin ƙwanta. Ina roƙon ɗalibanmu su je su ƙirga garkunan da suka rage, su rubuta abin da dattawan nan suka sani tun suna raye. Ni ma zan bi su, don har yau ana bi na bashin ƙwai biyar.