Na sa hannu ban tambaya ba

Abin da zan faɗa da kunya, amma gara in faɗa.

Bayan girbin 2023 ƙungiyarmu ta ci bashi, muka haɗa da kuɗin asusu muka sayi gero buhu 30, muka ajiye sai ya yi tsada. Mun biya kuɗin inshora. Ni na sa hannu, tunda ni ce shugaba, kuma ni na yi yaƙi da jahilci. Takardar da Faransanci take. Na ji kunyar in ce a fassara mini. Na dawo na ce wa mata: “Ku kwantar da hankali, kome ya samu geron nan za a biya mu.”

Ƙarshen watan Agusta na 2024 ruwan nan da ya yi ɓarna a Maradi ya kada bangon ɗakin ajiyarmu. Buhu 18 da suka rage suka jiƙe, suka ruɓe. Na ɗauki takarda na tafi. Ma'aikacin ya sa yatsa kan wani layi ya ce: “Hajiya, gobara da sata kuka biya wa. Ambaliya ba ta ciki.” Wallahi ƙafafuna suka yi sanyi.

A taro na faɗi gaskiya. Wata dattijuwarmu ta ce: “Ɗiyata, mai tambaya ba ya ɓata.” Wata 7 muna ƙara zubi kafin bashin ya fita.

Daga baya na sa ɗana ya karanta mini takardar layi-layi. Kowace inshora tana da jerin abubuwan da ba ta biya. Sau da yawa akwai ambaliya, yaƙi, tarzoma da ɓarnar ganganci. In ba ki biya kuɗin shekara ba, babu kariya. In moto ce, matuƙi marar lasin tuƙi na iya jawo a hana ki. Sanar da asara ma da wa'adi: yawanci kwana 5, sata kuwa awa 48. Doka ta ce a rubuta jerin nan ɓaro-ɓaro, saboda haka haƙƙinki ne a nuna miki shi.

Yanzu mu uku muke zuwa, da mai jin Faransanci. Tambayata ta farko: “Malam, mene ne ba ku biya?” Sai an amsa da Hausa nake ɗaukar alƙalami.

Allah ya kare mana dukiyarmu.